Kotu Ta Kira Yaya Sabi'u Bai Zo Ba

Ranar kasuwa ce. Na tashi da asuba na hura wuta, na ɗora ruwan koko. Yayana Sabi'u ya riga ni fita. Ina jin shi a bayan gida yana wasa wuƙa a kan dutse. Mahauci ne, kamar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Gidanmu yana bakin hanyar jan ƙasa, a wani ƙauye na yankin Sérou, kusa da Djougou. A nan aka haife mu duka. Muna jin yaren mutanen garin, a hannunmu suke sayen nama, lakwal ɗaya, wato makarantar boko, na yi da 'ya'yansu. Na faɗi wannan ne tun yanzu saboda abin da aka rubuta a kanmu daga baya.

Mu biyar ne a gidan. Inna tana kan tabarma da carbinta. Rabi, matar Yaya, tana shara da tsohon ciki, tana yi tana dafa ƙugu. Baffa Idi, ƙanin mahaifinmu, yana zaure yana jiran shayi. Yaya ya shigo ya kurɓi koko ya yamutsa fuska.

"Dije, wannan koko ne ko ruwan wanke ƙwarya? Duk bokon nan ba a koya muku damu?"

Na ce idan bai so ya ajiye, akwai masu so. Ya yi dariya ya shanye, ya miƙo kofin a ƙara masa.

A garka akwai bijimi ɗaure. Kwanakin baya wani makiyayi ya kwana a zaurenmu, shi ya sayar wa Yaya da shi. Haka sana'ar take tun kakanni. Makiyayi ya kawo dabba kasuwa, gidan mahauci ko dillali yake sauka. A ba shi tabarma, a ba shi tuwo, ba a tambayarsa daga ina ko zuwa ina. Bijimin yana da tsaga a kunnen hagu, alamar garkensu.

Abin da ba mu sani ba shi ne, jiya da yamma shanu sun shiga wata gonar doya. An yi cacar baki, wani makiyayi ya sari mai gonar a kafaɗa ya gudu. Shanun suna da irin wannan tsagar a kunne. Babu wanda ya zo ya gaya mana.

Da hantsi na fara jin babura. Suna da yawa, kuma tare suke tafe. Sai usur. Sai hayaniyar kasuwa, wadda kullum muke ji daga tsakar gida, ta ɗauke gaba ɗaya. Rabi ta tsaya da tsintsiya a hannu. Yaya ya miƙa wa Baffa wuƙarsa, ya ce ya jefa ta ƙarƙashin gado. Ya fita ƙofar gida hannu wofi.

Na leƙa ta zaure. Na san fuskokin. Ɗaya benci ɗaya muka zauna da shi a aji. Wani kuma uwarsa kullum Yaya yake ƙara wa tsoka.

"Ku fito da makiyayin!"

Yaya ya ce babu kowa, su shiga su duba. Da yarensu ya faɗa, a hankali, hannuwansa a buɗe. Wasu suka zagaya baya. Na ji bijimin ya yi kuka. Na ji wani ya ɗaga murya yana kiran sauran su zo su ga kunnen. Daga nan babu wanda ya sake sauraron kowa.

Da ƙotar fartanya suka fara. Ƙarar itace a kan ƙashin mutum ba ta kama da komai, kuma har yau ba na iya zama kusa da mai faskare. Yaya ya faɗi, ya yunƙura, suka sake kai shi ƙasa. Sun fi dukan kai da haƙarƙari. Inna ta fita ba mayafi ta faɗa kansa, aka janye ta da ƙafa. Baffa ya sha sanda a baya. Wani ya kunna wa rumfar nama wuta, wutar ta kama danni, ta haye ɗakin Rabi.

"Ku bar garin nan!"

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta buɗe ƙofar bayanta ta ja mu ni da Rabi cikin madafinta. Ba Musulma ba ce, ba Bahaushiya ba ce. Ta tsaya a bakin ƙofa da muciya. Daga nan na ji rufin kwanonmu yana ƙara cikin wuta, na ji an kwance bijimin an tafi da shi.

'Yan sanda sun iso gab da azahar. Suka kama uku daga cikin samarin, sauran suka watse cikin kasuwa. Yaya yana zaune jingine da bango, jini yana fita ta kunnensa. Da babban 'yan sandan ya nufo shi, sai ya dafa bango ya miƙe tsaye. Haka aka rene mu. Ba ka zama a ƙasa mai hukuma yana tsaye a kanka. Ya faɗi sunansa da sana'arsa, aka rubuta. Mutumin yana juya baya Yaya ya sulale ya koma ƙasa.

Suka ce mu kai shi asibiti, kuma kada yamma ta same mu a garin, don ba za su iya tsare mu ba. Hanyar Djougou ta tsakiyar kasuwa take bi, samarin kuma suna can. Wani direban motar shanu, Malam Hamidu, mutumin Nijar, ya sauke kaya zai koma Parakou ta hanyar baya. Ya ce mu hau. Muna da dangin Inna a Tourou, gefen Parakou, akwai kuma babban asibiti a birnin. Ba mu ɗauki komai ba. Rabi da takalmi ƙafa ɗaya ta hau motar.

Bayan motar duk kashin shanu ne da ciyawa. Inna ta ɗora kan Yaya a cinyarta. Hanyar jan ƙasa ce mai rami, kowane rami sai ya yi nishi. Da farko yana magana. Ya tambayi ko an ba bijimin ruwa. Ya ce wa Rabi ta daina kuka saboda cikin. Da muka hau kwalta ya yi amai. Daga nan ya fara wani irin minshari mai nauyi, idonsa a buɗe. Na riƙe ƙafarsa ina jin tana sanyi. Gab da la'asar minsharin ya tsaya.

Baffa ya bugi rufin gaban motar da tafin hannu.

"Tsaya!"

Mun tsaya a wani ɗan ƙauye a bakin kwalta, mai ƙaramin masallaci. Baffa ya shafa masa ido. Malam Hamidu ya ce akwai shingen bincike a gaba, idan aka ga gawa ba takarda za a riƙe motar, a kai gawar ɗakin sanyi, ba wanda ya san ranar da za a ba mu. Inna ba ta yi kuka ba a lokacin. Magana ɗaya ta yi.

"Ba za a sa shi cikin ƙanƙara ba."

Limamin ƙauyen ya fito da mutanensa. Ba su san mu ba, ba su tambayi komai ba. Suka yi masa wanka. Liman ya kawo likkafani daga cikin ɗakinsa. Suka sallace shi, suka ɗauka. Mu mata muna zaune a cikin gidan liman, don mace ba ta bin gawa. Na ji salati da takun ƙafafu suna nisa, har na daina ji. Kafin magariba sun dawo da ƙasa a gwiwoyinsu. Ban ga kabarin ba. Inna ma ba ta gani ba, haka Rabi.

Ba ni da komai a zuciya game da mutanen nan sai addu'a. Sun suturta bawan Allah kafin rana ta faɗi, kamar yadda aka koya mana duka. Fushina yana wani wuri dabam.

A Tourou aka ba mu ɗaki ɗaya. Rabi ta yi takaba, ta haifi namiji, aka mayar masa da sunan ubansa. Baffa bai sake miƙewa sosai ba tun dukan nan, bayan damina biyu shi ma ya bi Yaya. Ni na samu aiki a wani shagon fotokopi a unguwar Ladjifarani, cikin Parakou, don ni kaɗai ce a gidan nake karanta Faransanci. Mun ɗauka hukuma tana aikinta. An kama mutane a gabanmu, an rubuta suna. Me ya rage?

Wata rana na je sayen nama, mahaucin ya gane ni. Abokin cinikin Yaya ne. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, kamar mai ba da labarin farashin albasa, ai yaran nan tuni an sake su. Ɗaya ma yana kabu-kabu da babur a Djougou. Na baro naman a kan tebur na tafi. Tun daga ranar na fara bincike.

Da jaridu na fara. Akwai wani dattijo mai sayar da jarida da ke tara tsofaffi a ɗaure da igiya a bayan shagonsa. Ya bar ni ina kwancewa ina dubawa idan na tashi aiki. Na kuma bi abin da aka saka a waya. Na samu labarin a wurare kaɗan, kowanne bai kai tsawon tafin hannu ba. Duk rikicin manoma da makiyaya suka kira shi. Mu ba mu da gona, ba mu da garke. Ɗaya ta kira mu baƙi, mu da kabarin kakanmu yake garin. Wata ta ce wani mai sayar da nama ya samu ɗan rauni, kuma hankali ya kwanta kafin yamma. Ta saka hoton wata bukka tana ci da wuta, wadda ba ta garinmu ba ce ko kusa. Babu wadda ta rubuta sunansa. Na gane ɗaya ce ta rubuta, sauran suka kwafa, kuma mai rubutun bai taka ƙauyen ba.

Na zauna a kan ɗaurin jaridun nan. Ɗan rauni. Ni na riƙe ƙafarsa.

Sai kotu. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Parakou da inda aka yi shari'ar. Yau a ce mai riƙe da makulli bai zo ba. Gobe a ce in kawo lambar dosiye, wato fayil ɗin shari'ar. Ina zan samu lambar, in ba su suka ba ni ba? Wani ya tambaye ni ko ni wace ce a cikin shari'ar. Na ce ƙanwar wanda aka kashe. Ya duba littafinsa ya ce shi bai ga shari'ar kisa da wannan sunan ba. Na ɗauka raina mini hankali yake yi. Ashe gaskiya ya faɗa.

A ƙarshe magatakardan kotun ya gaji da ganin fuskata. Ya ɗauko dosiyen ya ajiye a kan kanta, ya ce in karanta a tsaye, ba a fita da shi, ba a ɗaukar hoto. Siriri ne. Na karanta shi daga bango zuwa bango.

Laifin da aka tuhume su da shi duka ne da jin rauni. Rahoton 'yan sanda ya ce sun samu wanda aka daka a tsaye da ƙafafunsa yana magana. Ladabin da ya yi musu ke nan, shi ya zama shaidar cewa lafiyarsa lau. Babu takardar likita a ciki. An aika masa sammaci gidanmu, gidan da ya ƙone, aka bar takardar a hannun mai gari. Ranar zama aka kira sunansa a cikin ɗakin shari'a. An rubuta da Faransanci cewa wanda aka yi wa laifin bai halarta ba. Lauyan samarin ya ce mutumin ya bi abokansa makiyaya ya tsere, kuma mai gaskiya ba ya gudun kotu. Aka yanke musu 'yan watanni, aka ce zaman da suka yi a tsare ya isa.

Lokacin da ake kiran sunansa a ɗakin nan, ciyawa ta riga ta fito a kansa.

Na ɗago kai na ce wa magatakardan, "Ya mutu. A ranar ya mutu, a cikin mota."

"Ina takardar mutuwa?"

"Babu."

"Likita ya ga gawar?"

"A'a. An binne shi kafin magariba."

"Wa ya sanar da hukuma?"

Wa zai sanar? Inna, da ba ta jin Faransanci? Rabi, da ke cikin takaba? Hukumar da ta ce mu bar gari kafin yamma, ita ce ba ta san inda muka shiga ba?

Ya rufe dosiyen ya ɗaure da zare. Bai ɗaga murya ba, bai yi mini wulaƙanci ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

"Madame, ku kuka binne shari'arku da hannunku."

Ban san lokacin da na bugi kantar ba. Na ce masa mutum muka binne. Na ce an ga jini yana fita ta kunnensa, an rubuta sunansa, an kora mu kan hanya, babu wanda ya biyo baya ya tambaya ko ya kai ko bai kai ba. Na ce an san hanyar kai wa toka sammaci, amma ba a san hanyar Parakou ba. Mai gadi ya zo ya kama ni a hannu. Na fito ina kuka, kukan haushi, mutane suna kauce mini.

Na samu wata lauya a Parakou, ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ana iya tayar da maganar, amma da sharaɗi. Sai an nuna kabarin, hukuma ta ba da izini a tone, likita ya duba ƙashin kai. Sai kuma waɗanda suka yi masa wanka sun zo sun faɗi abin da suka gani. In babu wannan, ta ce, a idon doka Yaya yana raye.

Na rasa yadda zan gaya wa Inna. Na gaya mata bayan sallar azahar, tana naɗe sallaya. Ta ɗago ta dube ni.

"Na hana a sa shi cikin ƙanƙara. Yanzu ke kuma ki ce a tone shi?"

Na ce, "Inna, sun rubuta cewa gudu ya yi."

Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Wata safiya ina shirin fita aiki ta kira ni. Ta ce, "Ɗana bai gudu ba. Ki je ki nemo wurin." Na san abin da wannan maganar ta ci mata.

Malam Hamidu ya koma Nijar, lambarsa ba ta shiga. Baffa yana ƙasa. Saura liman. Na shiga motar Djougou na sauka a bakin ƙaramin masallacin da hantsi. An yi masa sabon fenti. Liman ya rasu, ɗansa ne yake jan salla yanzu, mutum mai furfura kaɗan a gemu. Ya tuna.

"Baƙon motar shanu," ya ce. "Allah ya jiƙansa. Ina cikin waɗanda suka ɗauka."

"Kun ga kansa? Wa ya yi masa wanka?"

"Baba ne da wani tsoho, shi ma ya rasu. Mu a naɗe muka gan shi."

Na ce ya nuna mini kabarin. Ya ce mata ba sa shiga. Na ce Malam, na shiga inda ya fi nan wuya. Ya dube ni, ya sa takalmi ya wuce gaba.

Maƙabartar tana bayan gari, gefen wata gonar kaju, wato yazawa. Mu ba ma rubuta suna a kabari, ba ma gina shi. A tara ƙasa, a kafa ɗan itace, shi ke nan. Damina ta bi ta kai ta sake bi. Gara ta cinye itatuwan. Ƙasar ta kwanta ta zama ɗaya, ciyawa ta kai gwiwa. Malam ya yi gaba, ya dawo, ya tsaya, ya juya. Ya nuna da hannu daga wata bishiya zuwa wani suri.

"Tsakanin nan ne, in sha Allahu. Amma a shekarar nan mun binne mutane da dama a layin. Mahaifiyata ma tana nan ciki."

"Ba za ka iya cewa wannan ne ba?"

"Hajiya, in na ce, na yi ƙarya a gaban matattu."

Ban ce a tone uwar kowa ba. Na tsaya a cikin ciyawar na karanta abin da na iya, na yi wa duk wanda ke layin. Na kira lauyar daga bakin kwalta. Ta ce ta yi baƙin ciki, in zo in karɓi takarduna.

Na isa Tourou bayan la'asar. Ƙaramin Sabi'u yana wasa da murfin tukunya a ƙofar ɗaki. Inna tana zaune a inda na bar ta. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ba ta tambayi kotu ba.

"Kin ga wurin?"

"Na ga wurin, Inna. Ban ga kabarin ba."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana jan carbi.

"Akwai inuwa?"

"Akwai."

Mun rasa gida a ranar kasuwar nan. Mun rasa Yaya a kan hanya, Baffa ya bi shi. Yanzu mun rasa kabarin. Ranar Juma'a Inna tana dafa wa Yaya sadaka, Rabi tana raba wa maƙwabta. Wata rana yaron nan zai iya karatu, zai tambayi abin da hukuma ta rubuta a kan ubansa. Abin da ke rubuce shi ne an kira shi bai zo ba.